Oaf: Zagin Turawan Ingila Da Ya Samo Asali Daga Jariran Da Aka Ce An Musanya

A cikin tarin kalmomin da Turawan Ingila ke yi wa juna baƙar magana da su, akwai wata 'yar gajeriya mai haruffa uku kacal, wato “oaf”. Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labarai na Ingilishi, ko kallon finafinan Birtaniya, ko bin sharhin ƙwallon ƙafa a jaridun Landan, da wuya a ce bai taɓa cin karo da ita ba. Da ita ake jifan mutumin da ya taka ƙafar wani a cikin jirgin ƙasa, ko ya ture kofin shayi a kan takardun ofis, ko ɗan wasan baya da ya kwashe ƙafafun abokin karawarsa ba gaira ba dalili ya jawo wa ƙungiyarsa bugun fanareti. Sau da yawa ba ta tafiya ita kaɗai. Akan sa mata “clumsy” a gaba, a ce “clumsy oaf”, domin a ƙara jaddada cewa mutumin ba ya taɓa abu bai ɓata shi ba.

Ana furta ta ne da jan wasali, tamkar “loaf” ta burodi idan aka cire harafin farko. Jam'inta a yau “oafs” ne, ko da yake a tsofaffin littattafai akan ga “oaves”. Daga jikinta aka fitar da siffar “oafish”, wadda ake bayyana hali ko ɗabi'a da ita. A nan ya kamata ma'aikacin ofis ya yi hattara, kada ya rikita ta da “oath”, wato rantsuwa irin wadda ake sha kafin kama aiki. Bambancinsu a ƙarshen kalma ne kawai, kuma a bakin wasu mutanen Landan da ke mayar da “th” ta koma “f”, kalmomin biyu kan zama abu guda. Masu barkwanci a jaridu sun daɗe suna amfani da wannan kamanni wajen yi wa sabon mai muƙami ba'a ranar rantsar da shi.

Mai fassara zuwa Hausa zai ɗan sha wuya da ita, domin abubuwa uku ta ƙunsa lokaci guda: girman jiki, da rashin iya sarrafa gaɓoɓi, da ƙarancin lura da mutane. Gaɓo da sakarai da dolo sun ɗauko ɓangaren hankali, sun bar jiki. Bagidaje ya ɗauko rashin wayewa. Mai garaje ya kusa, sai dai garaje gaggawa ce, shi kuwa wanda ake ce wa oaf yana iya zama mai nawa, ya yi ɓarnarsa a tsanake. Wataƙila “ƙaton banza” ne ya fi dacewa da ita. Kusan kullum namiji ake kira da sunan, kuma ba a cika liƙa wa siririn mutum ko ƙaramin yaro ba. Ba ashar ba ce, ana buga ta a jarida, ana faɗinta a rediyo. Mace kan iya ce wa mijinta haka cikin wasa idan ya fasa mata tangaran, su yi dariya su wuce. Amma idan shugaba ya faɗa wa na ƙasa da shi a gaban jama'a, raini ne tsagwaronsa, kuma ba ta da gurbi a wasiƙar aiki ko rahoton ma'aikaci. Matasan Ingila na yanzu ba su cika amfani da ita ba. Tana da ƙanshin tsufa, kamar maganar kakanni.

To amma tushiya masomin dawa. Wanda ya bi sawun wannan kalma zuwa inda ta fito, dariyar za ta ragu masa.

Masana harshe sun danganta “oaf” da kalmar “álfr” ta tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, wato kakannin 'yan Nowe da Denmak da Suwidin da Ayislan na yau. Ita ce 'yar'uwar “elf” ta Ingilishi, sunan wasu halittu da mutanen wancan zamani suka yi imani suna zaune a cikin tuddai da dazuzzuka, ba a ganinsu sai sun ga dama. Ba daidai suke da aljanun da addini ya yi bayani ba, amma aljanu ko iskoki ita ce kalmar da ta fi kusa. Har gobe mutanen Ayislan na da wani suna da suke kiran irin waɗannan halittu, wanda in aka fassara shi kalma da kalma zai ba da “mutanen ɓoye”, daidai da yadda Bahaushe ke sakaya sunansu.

Yadda harshen Arewacin Turai ya shiga Ingila kuwa sananne ne. A shekarar 793 mayaƙan teku da ake kira Viking suka afka wa gidan ibadar Lindisfarne a gaɓar arewa maso gabashin ƙasar. A 865 suka dawo da babbar runduna, shekara guda bayan haka suka ci birnin York, daga nan suka zauna, suka yi noma, suka yi auratayya da mutanen da suka tarar. Sun bar wa Ingilishi kalmomin yau da kullum kamar “egg” da “sky” da “knife” da “window”, sun kuma bar sunayen garuruwa masu ƙarewa da “by”, irin su Derby da Grimsby. Hatta “awkward”, wata kalmar da ake siffanta marar iya motsi da ita, daga wajensu ta fito, asalinta abin da aka juya baibai. Harafin “l” na cikin “álfr” ya narke a baki ne kamar yadda ya narke a “half” da “calf”, inda ake rubuta shi amma ba a furta shi. Shi ya sa da kalmar ta fara bayyana a rubuce a ƙarni na 17, aka riƙa ganinta da siffofi dabam-dabam: “aulf” da “auf” da “ouph”, kafin ta tsaya a kan “oaf”.

Akwai abin mamaki a nan. Sarkin da ya taka wa waɗannan mayaƙa birki a yaƙin Edington a shekarar 878, wanda ya mulki ƙasar Wessex daga 871 zuwa 899, sunansa Alfred. Ma'anar sunan a tsohon Ingilishi ita ce “shawarar elf”. Ke nan saiwa ɗaya ce ta tsirar da sunan sarkin da Turawan Ingila ke yi wa laƙabi da “Mai Girma”, ta kuma tsirar da zagin da suke yi wa wanda ya kasa riƙe faranti. Duk wani Alfred na duniya, har da Alfred Nobel mai kyautar nan, yana ɗauke da wannan saiwa a sunansa.

Dalili shi ne mutanen da ba su ɗauki waɗannan halittu da fuska ɗaya ba. Mai kallon finafinan zamani ya san elf ko dai a matsayin 'yan mitsi-mitsin ma'aikata masu naɗe kyaututtukan Kirsimeti, ko kuma kyawawan maharba na labaran Tolkien. A wajen mutanen Ingila na shekaru dubu da suka wuce, abin ya wuce nan. Suna girmama su har su sa wa 'ya'yansu sunansu, suna da kalmar yabon mace da ke nufin kyakkyawa kamar elf, amma kuma suna matuƙar tsoronsu. Littattafan maganinsu na ƙarni na 10 sun kawo magungunan wata cuta da suka kira ciwon elf, da wata da suka kira ciwon elf na ruwa. Idan mutum ya ji suka farat ɗaya a haƙarƙari, ko saniya ta faɗi ba a ga rauni ba, sai a ce harbinsu ne. Manoman Sikotilan da ke tsintar kawunan kibau na dutse a gonakinsu, waɗanda mutanen zamanin dauri suka sassaƙa, sun ɗauka kiban waɗannan halittu ne. A Jamusanci ma kalmar mugun mafarki, “Albtraum”, daga nan ta fito, domin sun ce halittar ce ke hawa ƙirjin mai barci ta danne shi. Wanda ya san dannau ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Mafi munin abin da ake zarginsu da shi shi ne satar jarirai. Imanin ya game Ingila da Sikotilan da Ayilan da Jamus da ƙasashen Arewacin Turai: idan aka bar jariri shi kaɗai, musamman kafin a yi masa baftisma, sai su zo su ɗauke shi, su ajiye nasu a madadinsa. Wanda aka ajiye ɗin ba ya girma yadda ya kamata, ba ya tafiya, ba ya magana, ga yawan kuka, ga ci ba ƙoshi. Ingilishi na kiran irin wannan yaro “changeling”, Jamusawa na cewa “Wechselbalg”, 'yan Suwidin na cewa “bortbyting”, duka dai ma'anarsu ɗan musanya. Kuma wannan ita ce ma'anar “oaf” ta farko: ɗan elf da aka bari a shimfiɗar ɗan mutum.

Marubutan lokacin sun bar shaida. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Merry Wives of Windsor, an yi wa yara shigar waɗannan halittu domin su tsorata Falstaff da tsakar dare a dajin Windsor, kuma ɗaya daga sunayen da aka kira su da shi “ouphes” ne. A nan kalmar na nufin halittun kansu. A shekarar 1627 mawaƙi Michael Drayton ya fitar da waƙarsa Nymphidia, inda ya yi amfani da “aulf” da ma'anar yaron da aka bari, ya kuma yi wa masu wannan imani shaguɓe, yana nuna cewa hanya ce kawai ta rufa asiri idan an haifi yaro mai raunin hankali. Da Samuel Johnson ya wallafa shahararren ƙamusunsa a 1755, mai ɗauke da kalmomi sama da 42,000, ma'ana biyu ya ba kalmar: ta farko ɗan musanya, ta biyu wawa ko daƙiƙi. Abin lura, bai ambaci faɗuwa ko fasa kaya ko taka ƙafar mutane ba. Wannan ma'anar daga baya ta zo.

Da a tatsuniya abin ya tsaya, da da sauƙi. Tatsuniyoyin ma akwai masu ban dariya. A cikin wanda ya fi yaɗuwa, har 'yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, suka sa shi a littafinsu, an shawarci uwa ta ɗora ruwa a wuta cikin ɓawon ƙwai a gaban yaron. Da ya ga haka sai ya manta da kansa ya yi magana da muryar tsoho, ya ce duk daɗewarsa a duniya bai taɓa ganin irin wannan girki ba. Asirinsa ya tonu ke nan, danginsa su zo su ɗauke shi su mayar da ɗan gida. Akwai kuma hanyoyin kariya marasa cutarwa: a rataya almakashi a saman gadon jariri domin an ce halittun na tsoron ƙarfe, ko a lulluɓe shi da rigar ubansa, ko a gaggauta kai shi coci.

Sauran hanyoyin kuwa ba na dariya ba ne. Tunanin shi ne, idan aka azabtar da ɗan musanya, uwarsa ta asali ba za ta jure ba, za ta zo ta karɓe shi ta dawo da wanda ta sace. Don haka akan yi masa bulala, ko a kwantar da shi a kan juji ya kwana a waje, ko a ɗora shi a kan shebur a kara a wuta, ko a yi masa wanka da wani tsiro mai dafi da ake kira “foxglove”, wanda daga jikinsa likitoci suka samo maganin zuciya, kuma kaɗan daga cikinsa na iya kashe yaro. Takardun kotuna sun nuna an aikata. A shekarar 1690 an gurfanar da wani mutum da matarsa a tsibirin Gotland na Suwidin, saboda sun bar yaro ɗan shekara goma a kan tarin taki a daren jajibirin Kirsimeti, sanyi ya kashe shi. A 1826, a gundumar Kerry ta ƙasar Ayilan, wata tsohuwa mai suna Ann Roche ta riƙa kai wani yaro ɗan shekara huɗu, wanda ba ya tsayuwa ba ya magana, tana tsoma shi a Kogin Flesk da asuba. A rana ta uku ta riƙe shi a ruwan har ya mutu. Ta shaida wa kotu cewa ba kashe shi ta yi nufi ba, so ta yi ta fitar da abin da ke jikinsa. Kotu ta sallame ta.

Shari'ar da ta fi girgiza Birtaniya ta zo ne a 1895, kuma ba jariri ta shafa ba. Bridget Cleary matar aure ce 'yar shekara 26, maɗinkiya mai keken ɗinkinta, tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai a wani ƙauye na gundumar Tipperary, ita ma a Ayilan. A farkon watan Maris ta kwanta ciwo bayan sanyi ya kama ta. Mijinta Michael, mai sana'ar haɗa gangunan katako, ya ƙudurta a ransa cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce, an musanya ta. Aka yi kwanaki ana ɗura mata jiƙe-jiƙe da ƙarfi, ana tambayarta ta faɗi ko ita wace ce, a gaban mahaifinta da danginta. A daren 15 ga Maris ya watsa mata kananzir, wuta ta cinye ta. Ya binne gawar a wani rami marar zurfi, sannan ya riƙa zuwa wani tsohon tudu da dare, wuƙa a hannu, yana jiran matarsa ta gaskiya ta fito a kan farin doki ya yanke igiyar da aka ɗaure ta. Bayan mako guda 'yan sanda suka gano gawar. Kotu a garin Clonmel ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure shi shekara 20, ya yi 15 aka sake shi ya tafi Kanada. 'Yan siyasar da ke adawa da bai wa Ayilan 'yancin cin gashin kai suka samu abin yi, suka riƙa nuna shari'ar a matsayin hujjar cewa mutanen ba su isa su mulki kansu ba.

Su wane ne waɗannan yara da aka ce an musanya? Likitoci da masana tarihi da suka koma kan siffofin da aka bayar sun ga alamun lalurori da yau aka san su sarai. Yaron da gaɓoɓinsa suka sandare bai iya zama ko tafiya ba, ya yi kama da mai raunin ƙwaƙwalwa da ke samuwa lokacin doguwar naƙuda, wanda likita William Little ya yi bayaninsa a Landan a 1861. Shi kansa Little da gurguwar ƙafa ya tashi, sanadin shan inna da ta kama shi yana yaro. Yaro mai wata irin fuska da jinkirin fahimta ya yi kama da lalurar da John Langdon Down ya siffanta a 1866, wadda sai a 1959 aka gano ƙarin ƙwayar gado ce ke haddasa ta. Akwai tsumburewar jiki da ta hankali da rashin sinadarin aidin ke jawowa, a yankunan da maƙoƙo ya yi yawa. Akwai kuma lalurar da Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943 bayan nazarin yara 11, wadda ake kira otizim. Ita wannan ta fi dacewa da labarin musanya, domin wasu masu ita kan fara gwaranci da wasa kamar kowane yaro, sai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu maganar ta ɗauke, yaron ya daina kallon idon uwarsa. Uwar da ba ta taɓa jin sunan wata cuta irin wannan ba, ba abin mamaki ba ne ta ce wannan ba ɗanta ba ne.

Ba daidai ba ne a ɗauki iyayen nan a matsayin mugaye gaba ɗaya. Yawancinsu talakawan manoma ne, a gidan da kowane baki sai ya kawo hannun aiki, babu asibiti, babu mai bayani. Labarin musanya ya sauke wa uwa laifi, ya sauke wa uba kunya, ya ba su fatan cewa ɗansu lafiyayye na nan da rai a wani wuri. Da yawa sun reni irin waɗannan yara har ƙarshen rayuwarsu. Sai dai labarin na da wata ƙofa ta baya: ya cire yaron daga cikin 'yan Adam. Da zarar an ce ba mutum ba ne, duk abin da aka yi masa ba a kiransa zalunci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Har yanzu akwai gidajen da idan mai jego za ta fita ta bar jariri a ɗaki, sai ta ajiye wuƙa ko wani ƙarfe kusa da kansa, kamar dai almakashin matan Turai. Akwai inda ake kiran yaron da ya kasa zama ko riƙe wuya ɗan ruwa, maimakon a ce yana da lalurar galahanga a kai shi asibiti. Sunan shan inna kansa labari ne irin na “oaf”: asalinsa imani ne cewa wata iska da ake kira Inna ce ke shanye ƙafar yaro. An gano ƙwayar cutar, an yi rigakafi gida-gida, an ga mai ɗauke da nau'in cutar na asali na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agustan 2020, amma sunan na nan a bakin likita da ɗan jarida, kuma da wuya wanda ke faɗinsa ya tuna da wata Inna.

Haka “oaf” ta yi. Da imani da elf ya ja baya a birane, sai aka manta da satar jariri, aka riƙe siffar yaron kawai, kalmar ta koma sunan kowane wawa. Daga nan ta sauka daga kai zuwa gaɓoɓi, ta haɗu da ɗabi'ar mutanen birni ta raina na karkara. Ingilishi na da tarin irin waɗannan. “Clown” da yau ke nufin ɗan kama, asalinta baƙauye. “Clodhopper” mai tsallake ɓurɓushin ƙasa ne a bayan garma. “Boor”, wato marar ladabi, 'yar'uwar kalmar manomi ce a harshen Holan. Yadda ɗan birni ke furta “baƙauye” a Kano ko Kaduna, haka ɗan Landan ke furta waɗannan. A cikin wannan zuga “oaf” ta samu ƙaton jiki da manyan takalma, abin da asalin mai sunan, wato ramammen yaro marar lafiya, bai taɓa samu ba.

Wanda ya ƙara mata suna shi ne Rudyard Kipling. A farkon shekarar 1902, lokacin da sojojin Birtaniya ke fama da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, ya buga wata waƙa mai suna The Islanders a jaridar The Times, yana caccakar 'yan ƙasarsa da suka fi son filin wasa a kan filin daga. A ciki ya kira 'yan wasan kurket wawaye, ya kira 'yan ƙwallo da wannan kalma. Aka yi ta cece-ku-ce, amma laƙabin ya bi 'yan ƙwallo, har yau marubuta wasanni a Ingila na ɗauko shi. Shekara bakwai kacal ke tsakanin mutuwar Bridget Cleary da fitowar wannan waƙa. Kalmar ta riga ta zama abin raha a birni, alhali imanin da ya haife ta bai gama ɗaukar rayuka a ƙauye ba.

Ba a kan “oaf” aka fara ba, ba kuma a kanta aka ƙare ba. “Cretin”, wadda yau zagi ce mai zafi, ta fito ne daga kalmar “Kirista” a bakin mutanen tsaunukan Faransa da Suwizalan, waɗanda ke kiran masu lalurar rashin aidin da haka domin tunatar da juna cewa su ma bayin Allah ne. Tausayi ya kawo ta, raini ya karɓe ta. A ƙarni na 20 likitoci na kiran masu sandarewar gaɓoɓi “spastic”, har aka kafa babbar ƙungiyar taimaka musu da wannan suna a Birtaniya. A 1981 wani shirin yara na talabijin ɗin BBC ya gabatar da wani dattijo mai wannan lalura, Joey Deacon, domin yara su ga yadda ya rubuta tarihin rayuwarsa duk da halin da yake ciki. Ba a jima ba sunansa ya zama abin tsokana a filayen makarantu, ana jifan duk yaron da ya yi tuntuɓe da shi. A 1994 ƙungiyar ta ga ba sarki sai Allah, ta sauya sunanta zuwa Scope. A Amurka an gutsure kalmar ta koma “spaz”, ana nufin mai rawar jiki ko mai ɓarna, kuma da yawa ba su san tushenta ba. Tiger Woods ya ba da haƙuri a 2006 bayan ya siffanta wasansa da ita, sannan a 2022 mawaƙa biyu, Lizzo da Beyoncé, kowace ta cire ta daga sabuwar waƙarta bayan masu lalurar sun yi ƙorafi. Bambancinta da “oaf” shi ne waɗanda ake nufi da ita suna raye, suna kuma iya mayar da martani. Ita “oaf” ta huce ne saboda shekaru ɗari huɗu sun binne asalinta.

Shi kansa rashin iya riƙon abu da yawan tuntuɓe, wanda kalmar ke nufi a yau, likitoci sun gano cewa a jikin wasu mutane ba sakaci ba ne. Akwai lalurar da ke hana ƙwaƙwalwa tsara motsin gaɓoɓi yadda ya kamata, ko da mai ita na da kaifin basira. Ana kiranta disfiraksiya, kuma an ƙiyasta tana shafar yara biyar zuwa shida cikin kowane ɗari na 'yan makaranta. Mai ita kan sha wuya wajen rubutu, ko cafe ƙwallo, ko sa maɓallin riga. A shekarun 1970 likitocin kansu suna kiranta da sunan da ke ɗauke da kalmar “clumsy”, sai a wani taro da aka yi a Kanada a 1994 masana suka amince a yi watsi da shi a koma ga sunan da ba zagi a cikinsa. Daniel Radcliffe, wanda ya fito a matsayin Harry Potter a finafinai takwas, ya bayyana a 2008 cewa yana da ita, kuma har a lokacin ɗaure igiyar takalmi na ba shi wahala.